Za a gina rukunin gidaje a kan kufan garinmu: me za mu tambaya kafin katafila ta shigo?

Dan_Kwanar_Dawaki:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Garinmu yana kudu da Kano, ta wajen Kwanar Dawaki, sai an sauka daga titin Zariya an bi hanyar burji. Wani kamfani ya saye gonakin gabas da gari, ya ce zai gina gida 400 da masallaci da shaguna. An tara mu a ƙofar gidan dagaci, wakilinsu ya ce an riga an yi binciken muhalli, komai ya kammala. Babu wanda ya ga takardar a cikinmu, har shi dagacin.

Abu uku ne ke damun mu. Hanyar guda ɗaya ce tal, mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe. A tsakiyar filin akwai kufai, wani tudu mai manyan kukoki, iyayenmu sun ce nan ne tsohon gari, kuma akwai kaburbura a gefensa. Sannan ruwa, don rijiyoyinmu tun watan Maris suke fara ja da baya. Wanda ya san yadda ake irin wannan bincike ya taimaka: me ya kamata ya ƙunsa, kuma muna da ikon mu ce sai mun gani?

Abu_Fatima:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni a ganina ku yi hamdala. Gida 400 na nufin aikin birkila da lebura ga yaranku, kuma filayenku za su yi daraja. Mu da muke haya a cikin gari mun san abin da rashin muhalli yake nufi. Kada ku kori arziki saboda tudun ƙasa.

Mai_Tsara_Birane:
Malam Dan_Kwanar_Dawaki, kuna da iko, kuma ba alfarma za a yi muku ba. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wadda ake kira EIA, ta fito a 1992, doka mai lamba 86. A jerin ayyukan da ta ce dole a yi musu cikakken bincike akwai rukunin gidajen da ya kai hekta 50 ko fiye. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba rahoton, kuma kafin ta amince ana baje shi ga jama'a na kwana 21 na aiki, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, tare da sanarwa a jarida da rediyo. Saboda haka tambayarku ta farko ita ce: a ina aka baje shi, yaushe, kuma wa ya zo ya ji ta bakinku? Rahoton da ba a tuntuɓi mutanen gari ba a cikinsa gurgu ne.

Tambaya ta biyu: hekta nawa ne filin gaba ɗaya? Ku kula da kalmar nan ta "gaba ɗaya". Akwai masu raba aiki kashi-kashi, su ce wannan kashi na farko ne, hekta 20 kawai, alhali sun riga sun saye na biyu da na uku. A takarda kowane kashi ƙarami ne, a ƙasa kuwa hanya ɗaya da ruwa ɗaya za su sha.

Ta uku, ku nemi ganin taswirar da hukumar tsara birane ta amince da ita. Idan filin yana cikin yankin da KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ke kula da shi, to can ne za a samu. A taswirar za ku ga faɗin tituna, inda magudanan ruwa suka nufa, da filin da aka ware wa makaranta, asibiti da maƙabarta.

Lauyan_Zaure:
Ƙari kan bayanin Mai_Tsara_Birane. A shekarar 1992 ɗin dai akwai wata dokar, mai lamba 88, ta tsara birane, wadda ta ce filin gidaje da ya wuce hekta 2 ma sai mai shi ya haɗa da bayanin tasirinsa ga muhalli lokacin da yake neman izini. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya cewa tsara birane hurumin jiha ne. Don haka kada ku dogara da dokar tarayya ita kaɗai, ku duba abin da dokar jiha ta tanada. Kuma duk abin da za ku nema ku nema a rubuce, da sa hannun dagaci da na ƙungiyar ci gaban gari, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Maganar baki a ƙofar gidan dagaci ba ta zama hujja a gaban alƙali.

MaiAdaidaita_Naibawa:
Ni dai ban san doka ba, amma titin nan ni nake kwana a kansa. Duk wanda zai ƙirga motoci ya zo da ƙarfe 7 na safe ranar Litinin ya tsaya a Na'ibawa. Tirela ta fito daga baifas, motar katako tana juyawa, masu sauke lemo da ayaba sun cinye hannu ɗaya, 'yan makaranta suna tsallakawa. Tun da aka mayar da masu sayar da magani Dangwauro kuma zirga-zirgar ta ƙaru. Idan mai bincikensu ya zo ranar Lahadi da hantsi zai rubuta cewa titi fayau yake.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mahaɗar hanyar garinku da kwalta. Titin Zariya tun da aka gyara shi gudu ake kamar ba gobe. Mai fitowa daga rukunin gidajen da zai shiga birnin Kano, ta ina zai juya? Idan wurin juyawa ya yi nisa, wallahi hannun da ba nasu ba za su riƙa bi. Na sha ganin abin da hakan ke haifarwa.

Mai_Tsara_Birane:
MaiAdaidaita, abin da ka faɗa shi ne ainihin aikin, kai dai ba ka riƙe takarda ba ne. Ana ƙirga abin hawa a mahaɗa safe da yamma, ranakun aiki da ranar kasuwa da Juma'a, a rarrabe tirela da ƙaramar mota da adaidaita da babur, a rubuta wanda ya miƙe da wanda ya karya kwana. Sai a ƙiyasta abin da sababbin gidajen za su ƙara. A ce rabin gida 400 ne kawai za su fitar da mota da safe, mota 200 ke nan cikin awa ɗaya da ɗoriya, ban da masu kai yara makaranta su dawo. Daga nan rahoto zai faɗi gyaran da ake bukata da wanda zai biya. Sannan akwai lokacin ginin kansa, wanda aka fi mantawa da shi: tifofin yashi da dutse da motocin siminti za su shekara biyu ko uku suna bin burjin nan ta tsakiyar gari. Damina ɗaya ta isa su mayar da shi kwari.

Yar_Samaru:
Ni maganar kufan ce ta tsayar da ni. Na karanci ilimin binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a ABU Zariya. Yaya Dan_Kwanar_Dawaki, don Allah ka amsa mini: idan an yi huɗa a wurin, me garma take tonowa? Akwai tsingaro? Akwai wasu baƙaƙen duwatsu masu nauyi da ƙofofi-ƙofofi kamar sun narke? Akwai ramuka zagayayyu da suka cike?

Dan_Kwanar_Dawaki:
Ƙanwata, duk akwai. Tsingaro kam ba a magana, bayan ruwan sama har sheƙi yake a kan tudun, wani da zane kamar an naɗa igiya an danna. Baƙin dutsen kuma kashin maƙera muke ce masa, muna yara da shi muke harbin tsuntsu. Ramukan suna arewa da kukokin, a jere, tsofaffi sun ce karofi ne.

Yar_Samaru:
To Yaya, abin da ke hannunku ba ƙarami ba ne. Kashin maƙeran nan shi ne abin da ke saura idan an narka tama an fitar da ƙarfe. Irinsa aka samu a Dutsen Dala, kuma gwajin da aka yi ya nuna ana narka ƙarfe a can tun wajen ƙarni na 7, wato tun kafin sarautar Bagauda da ɗaruruwan shekaru. Kudancin Kano kuma yanki ne na tsofaffin garuruwa. Santolo, wadda ta yi gaba da Kano har sai da Sarki Yaji ya ci ta a ƙarni na 14, a wannan nahiyar take. Ban ce kufanku ya kai wannan shekaru ba, gwaji ne kaɗai zai faɗa. Amma wurin da ya haɗa maƙera da karofi da maƙabarta gari ne sosai, ba zangon kwana biyu ba.

Yadda ake yi ba wuya. Da farko a zauna da tsofaffi a naɗi abin da suka sani. Sai masu bincike su jera su taka filin a ƙafa, suna sa alama a taswira duk inda suka ga tarin tsingaro ko toka ko kashin maƙera. Sai a haƙa ƙananan ramukan gwaji, mita ɗaya ko biyu, ana sauka a hankali ana tankaɗe ƙasar, ana rubuta abin da aka samu a kowane hawa. Gawayin da aka ɗauko daga cikin murhun narka tama shi ake kaiwa a auna shekarunsa. Abin da nake so kowa ya gane shi ne, darajar kayan tana tare da inda aka same su. Tukunyar da aka ciro daga ramin gwaji, aka san me ke samanta da me ke ƙarƙashinta, tana ba da labari. Wadda katafila ta turo gefe ta zama fasasshiyar tukunya kawai. Yini ɗaya ya isa katafila ta baje tudun nan.

Kuma don Allah kada matasa su ce za su tona da kansu. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa irin wannan ba da izininta ba, ta kuma ce wanda ya ci karo da kayan tarihi a cikin aikinsa ya sanar da ita cikin kwana 7. Ku je Gidan Makama, gidan tarihin hukumar da ke Kano, da hotuna da wasiƙa.

Bakano_Na_Asali:
Yar_Samaru, Allah ya ƙara ilimi, amma mu faɗa wa juna gaskiya. Badalar Kano da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, Rumfa ya faɗaɗa, wadda aka sa a jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO tun 2007, yau ina take? Ka bi daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya ka ƙirga inda ta rage. Ita kanta Ƙofar Na'isa rushe ta aka yi a 2010 don faɗaɗa titi aka sake gina wata. Idan ganuwar birni ba ta tsira ba, kufan ƙauye ne zai tsira? Abin yana ci mini rai, shi ya sa nake faɗa.

Abu_Fatima:
Yawwa. Kuma a ƙasar Hausa ina ne babu kufai? Duk inda ka ga kuka uku a tsaye an taɓa zama a wurin. Idan kowanne za a killace, ina 'ya'yanmu za su zauna?

Yar_Samaru:
Malam Abu_Fatima, ba wanda ya ce a hana gini. Sau da yawa abin da ake yi shi ne a bar tudun da maƙabartar a matsayin filin shan iska na rukunin, tunda dama tsari ya ce a ware fili, sauran wurin kuma a bincika a kwashe abin da za a kwashe sannan a yi gini. An taɓa yi a ƙasar nan: kafin ruwan madatsar Kainji ya rufe garuruwan bakin kogin Kwara a shekarun 1960, sai da masu bincike suka shiga suka ceci abin da za su iya. Kawunan tagulla na Ife da duniya ke ji da su, a 1938 wajen haƙa harsashin gida aka ci karo da su. Kayan tagulla na Igbo-Ukwu kuma mai haƙa ramin tara ruwa ne ya tono su a gidansa. Duk sa'a ce ta tsare su, ba tsari ba. Malam Bakano kuma, lalacewar badala ai ita ce hujjar a tashi tun yanzu, tunda nan ko bulo ɗaya ba a ɗora ba.

Jar_Hula_2011:
Ai da irin tsarin rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo aka bi da ba a yi wannan surutun ba. Titi da magudana da fitilu aka fara yi kafin gida.

Dan_Gandu:
Gidajen da suka shekara da shekaru yawancinsu babu kowa a ciki? Kuma rusau ɗin 2023 fa, dukiyar mutane nawa ta salwanta?

Shugaban_Zaure:
Jama'a, a ajiye siyasa a waje. Bawan Allah ya kawo matsalar garinsu. Wanda zai ci gaba da wancan zancen ya buɗe nasa.

Maman_Ilham:
Ni ruwan nan ne ya fi damu na, don mu mata mu muke sanin ranar da ya ƙare. Muna zaune a wata sabuwar unguwa a gefen gari. Lokacin da muka tare, rijiyar gidanmu gaba shida ce, rani da damina akwai ruwa. Da manyan gidaje suka kewaye mu, kowa ya haƙa burtsatse ya ɗora tanki, sai guga ta fara dawowa da laka, daga baya ko laka babu. Yanzu kullum sai na tsaya a ƙofa ina jiran 'yan garuwa, ranar da babu wutar da za a tayar da injin mai burtsatsen kuwa ko da kuɗinka ba ka samu. Baban Ilham ya yi yashen rijiyar har ya gaji. Ku tambaye su a ina gida 400 za su sha ruwa. Idan suka ce kowane gida zai haƙa nasa, to ku san rijiyoyinku sun tafi.

Injiniya_Sharada:
Hajiya Maman_Ilham ta taɓo inda yake. Mu yi lissafi mai sauƙi. Gida 400, a ce mutum 8 a kowanne, mutum 3,200 ke nan. Ƙiyasin da ake amfani da shi na biyan bukatar yau da kullum yana farawa daga lita 50 ga mutum a rana. Lita 160,000 ke nan kullum, ban da wankin mota da ban ruwan fulawa, kuma masu irin waɗannan gidajen sun fi haka sha. Yawancin ƙasar Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙasa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen sama da cikin tsagogi, ba wani tafki ne a ƙasa ba. Don haka rahoto na gaskiya zai nuna an haƙa rijiyar gwaji, an ja ruwa ba tsayawa na yini ɗaya ko fiye, ana auna yadda rijiyoyin gari ke sauka. Kuma a yi shi a watan Afrilu, ba a Satumba ba. Matatar Tamburawa ba ta da nisa da ku, sai a tambaya ko akwai yarjejeniyar jawo bututu a rubuce, da kuma ko garin zai samu reshe.

Sai ruwan sama, wanda ni ya fi tsorata ni. Gona tana shanye ruwa, kwano da siminti ba sa sha. Duk abin da ya sauka a kan rufin gida 400 zai gangara wani wuri. Ka duba da idonka: filin ne a sama ko garin? Idan akwai kududdufi ko fadama a ciki da suke shirin cikewa, nan ne ruwan yake kwana tun kaka da kakanni. Mun ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata kaya, kuma gini a kan hanyar ruwa aka fi ɗora wa laifin. Ku tambayi inda babbar magudanarsu za ta zubar, da girman kwalbatin da za su sa a hanyarku. Ramin masai kuma kada ya yi ƙasa da mita 30 daga rijiyar sha. Wuta ma a tambaya, taransifoma nawa za su kawo, kuma daga wane layi, don kada a rataya su a kan taku.

Ardo_Jikan_Ardo:
Ban ga wanda ya ambaci burtali ba. Yawancin gonakin gabas da gari akwai hanyar shanu a gefensu zuwa mashaya. Idan katanga ta toshe ta, dabba za ta bi ta gonar wani, gobe a ce Fulani sun yi ɓarna. A sa mu a cikin waɗanda za a tuntuɓa.

Dan_Kwanar_Dawaki:
Ardo, gaskiyarka, akwai burtali kuma ta cikin filin ya ratsa. Injiniya, filin ne a sama, garin yana gangare, kuma akwai kududdufin da ake ɗiban ƙasar gini a kusurwar da ta fi kusa da gidajenmu. Jiya sun kawo masu awo sun kafa duwatsu har cikinsa.

Alaramma_Tsangaya:
Game da kaburbura. Malamanmu na Malikiyya sun ce kabari hubusi ne, wato waƙafi, ga wanda ke cikinsa, ba a tone shi ba a taka shi matuƙar akwai sauran wani abu na mamacin. Hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. An yi sauƙi a mayar da mamaci wani wuri idan akwai lalura ta gaske, kamar ruwa zai cinye kabarin, da sharaɗin a kiyaye mutuncinsa. Ribar kamfani ba ta cikin wannan. Ku sa limamin gari da tsofaffi su zagaya su nuna iyakar maƙabartar, a kafa alama, a sanar da hakimi a rubuce. Wanda ya sayar da gonarsa bai sayar da kakannin mutane ba.

Bakano_Na_Asali:
Allah ya gafarta Malam, idan kuma kaburburan na mutanen kafin Musulunci ne fa, tunda Yar_Samaru ta ce wurin zai iya tsufa haka?

Yar_Samaru:
Yanayin kwanciyar yakan nuna, ko an fuskantar da alƙibla ko ba a yi ba, da ko an binne da kaya. Amma ba a fara taɓa kabari ba sai da yardar mutanen gari da hukuma, kuma sau da yawa ba a ma bukatar taɓa shi. Sanin iyakarsa ya wadatar a zana taswira ta kauce masa.

Talaka_Bawan_Allah:
Duk na karanta. Tambayata ɗaya: wa ke biyan mai binciken? Idan kamfanin ne, yaya za a yi ya rubuta abin da zai ɓata wa mai ba shi kuɗi rai?

Mai_Tsara_Birane:
Kamfanin ne ke biya, haka tsarin yake, kuma damuwarka tana kan hanya. Abin da aka tanada don rage wannan shi ne baje rahoton da zaman kwamitin masana da ke bitarsa, inda jama'ar gari ke iya miƙewa su yi magana. Shi ya sa nake ba Dan_Kwanar_Dawaki shawara su tara nasu bayanin tun yau. Matasa su zauna a mahaɗa da littafi su yi ƙirgar mako guda. A auna zurfin ruwan rijiyoyi biyar ko shida da igiya duk ranar Juma'a a rubuta. A ɗauki hoton tudun da karofin da burtalin da kududdufin da waya mai nuna wuri da kwanan wata. Ranar da aka ce muku rijiyoyinku dama a ƙafe suke, littafin nan ne zai amsa.

Abu_Fatima:
Ni har yanzu tsorona kada a ja abin har kamfanin ya tattara ya koma wani gari, waɗanda suka sa rai da aiki su tashi a tutar babu. Amma maganar magudana da maƙabarta kam ba ni da ja.

Dan_Kwanar_Dawaki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da dagaci da liman bayan sallar isha'i, an amince a rubuta wasiƙa uku: ga kamfanin, ga hukumar tsara birane, da Gidan Makama. Sai dai an samu saɓani, waɗanda suka sayar da gonakinsu ba a gama biyan su ba suna ganin wasiƙar za ta riƙe musu ragowar kuɗinsu, biyu daga cikinsu sun ce ba za su sa hannu ba. Lauya, idan ƙungiyar gari ta sa hannu ba tare da su ba, wasiƙar tana da ƙarfi? Yar_Samaru kuma, hoton kashin maƙeran a inda yake za mu ɗauka ko mu tsinto mu kai musu?

Yar_Samaru:
A inda yake, Yaya. Ku ajiye biro ko ƙwandala a gefensa don a gane girmansa, kada ku ɗauke ko ɗaya.

Lauyan_Zaure:
Tana da ƙarfi, domin hanya da ruwa da maƙabarta na gari ne duka, ba na masu gonakin kaɗai ba. Amma ka turo mini hoton takardar cinikin ɗaya daga cikinsu ta akwatin sirri, ka rufe sunaye. Ina so in ga ko an ɗaura biyan ragowar kuɗin da samun izinin gini, don idan haka ne sai an canza yadda za a rubuta wasiƙar kamfanin.